Yardar Masu Barci

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda damina ke zuwa a makare ta tafi da wuri, ruwa shi ne dukiya, shi ne kuma abin da ake faɗa a kansa. A kan tudu akwai wani wawakeken ramin dutse da dabbobi ke kira Kwatarniya, nan ruwan sama ke taruwa ya zauna har wata daminar. Kwatarniya ita ce baitulmalin dajin. Duk shekara, in rani ya kankama, Majalisar Dawa takan zauna a gindin wata tsohuwar tsamiya ta yi kasafin ruwan: wannan na sha, wannan na baƙi, wannan na wankan 'yan majalisa, wannan kuma na ko-ta-kwana. Majalisa ce mai tsari, kada wani ya gaya maka ba haka ba. Ba ta taɓa yanke hukunci a kan kowa ba sai ta ji ra'ayinsa, kuma da wannan take tinƙaho.

A gindin tudun akwai wani ɗan tafki, garin kwaɗi. Su kwaɗi rayuwarsu kashi biyu ce. In kaka ta wuce tafki ya fara ja da baya, sai kowa ya nutse cikin taɓo ya yi barci, ba shi da labarin duniya sai ranar da ruwan farko ya tashe shi. Ran nan za su fito da waƙa su zuba ƙwai, ƙwai ya zama talibambam, wato 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya waɗanda ƙafarsu ba ta fito ba tukuna. To, a nan matsalar take. Ruwan farko a dajin nan mayaudari ne, yakan zuba kamar da gaske, sannan ya ɗauke ɗif rana ta dawo. Talibambam kuwa in tafki ya ƙafe kafin ya yi ƙafa, tasa ta ƙare. Jiran ruwa ya zauna kuma ba dabara ba ce, don ɗan da aka haifa a makare da wuya ya tara kitsen da zai kai shi ƙarshen barcin rani. Saboda haka tun zamanin kakanni aka ware wani kaso daga Kwatarniya, ana sakinsa ta magudana zuwa tafki a wannan tsakanin. Sunansa kason talibambam.

Akwai wata kwaɗuwa a tafkin mai suna Marka. A tsakiyar damina aka haife ta, shi ya sa ta fito 'yar firit, da ƙyar ma ta rayu. Allah bai ba ta jiki ba, amma ya ba ta tambaya. Tun tana da wutsiya take damun manya: me ya sa ruwa ke zuwa daga sama ba daga ƙasa ba, ina zalɓe ke kwana, wa ya fara koya wa kwaɗi waƙa. Har aka gaji da ita, in an hango ta sai a nutse.

Wata shekara ruwan farko ya yi halinsa, ya zuba ya ɗauke. Aka zuba ido a magudana. Ruwan da ya gangaro bai fi ya jiƙa bakin tafki ba. Marka tana ji tana gani 'ya'yanta suka taru a ɗan gurbin da ya rage, suna motsi cikin laka, har suka daina. Ta yi kuka iya kuka. Da idonta ya bushe sai ta hau tudu wajen Guza, mai gadin magudana, wanda ta tarar a kwance kan dutse yana shan hantsi.

"Sannu da aiki, Malam Guza. Don Allah ina ruwan 'ya'yanmu ya tsaya bana?"

Guza ya buɗe ido ɗaya. "An rage. Tsimi da tanadi ake yi. Bara ma an rage, bara waccan ma haka."

"Wa ya rage?"

"Majalisa mana. Da yardarku."

"Yardar wa?"

"Taku, kwaɗi. Har gida aka bi ku aka tambaye ku, kuka yarda. Ni ma ina wurin, ba labari aka ba ni ba."

Ya mayar da idonsa ya rufe. Marka ta sauko ta bi kwaɗi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, ba wanda ya tuna an taɓa tambayarsa komai. Ta je wajen Baba Anaruwa, tsohon da ya fi kowa shekaru a tafkin. Ya kumbura maƙogwaro ya ce, "'Yar nan, in manya suka ce mun yarda, to mun yarda. Wataƙila a mafarki muke yi. Ni kaina nakan tashi wani lokaci ina jin kamar na amsa wa wani."

Wannan amsa ba ta ishi Marka ba. Baƙin cikin 'ya'yanta yana nan daram a zuciyarta, ga kuma fargabar na baɗi, don abin da ake ragewa duk shekara wata rana ƙarewa zai yi. Amma gaskiyar magana, abin da ya fi cin ta shi ne son sani. Yaya ake yi mutum ya yarda bai sani ba? Da baki take yi ko da ka? Sai ta ƙudura a ranta cewa bana ba za ta yi barci ba, sai ta ga yadda take yarda da idonta.

Da kaka ta wuce kwaɗi suka fara nutsewa, Baba Anaruwa ya yi mata faɗa. "Ba a taɓa yin kwaɗon da ya ga rani ya dawo ya ba da labari ba. Bushewa za ki yi kamar ganye." Ta ce to, ta gode. Ya nutse, ita kuma ta hau tudu.

Sa'arta ɗaya. A gefen Kwatarniya akwai wani faffaɗan gurbi inda 'yan majalisa ke wanka kafin zama, kuma a ƙarƙashinsa dutsen ya ɗan tsage. Duk sanda Dorina ta shiga ta juya, ko Gyado ya yi birgima, sai ruwa ya bi tsagar yana ɗiga cikin wani lungu mai sanyi da gansakuka. Nan Marka ta tare. Ba ta taɓa ganin ruwa mai zuwa kullum ba fashi irin wannan ba. Ta yi ta kallonsa tana mamaki, don abin da ke zuba a lungun nan ya bi ƙasa a banza ya fi abin da ya gangaro musu a magudana bana.

Rani kuwa ya ba ta abin kallo. Ashe bishiyoyi tuɓewa suke yi. Ashe sama takan yi wata da watanni ba gajimare, kuma ba wanda ya damu. Ta ga tafkinsu ya zama fili, ya tsattsage kamar bayan tsohon kasko, awakin dawa suna tafiya a kan 'yan'uwanta. Wannan ya ba ta tsoro, ya kuma ba ta dariya.

Daga lungun nata ana jin duk abin da ake faɗa a gindin tsamiya. Ɓauna ce kakakin majalisa, dattijuwa mai haƙuri wadda ke tuƙa yayin da ake jawabi, shi ya sa kowane mai magana yake zaton tana nazarin maganarsa. Lauyan majalisa Hankaka ne, da farin ƙirjinsa tas. Shugaban kwamitin tsimi da tanadi kuwa wani tsohon Raƙumi ne da ya ɓace wa ayari shekarun baya ya zauna a dajin. An ba shi kujerar ne don ba wanda ya taɓa jin ya yi kukan ƙishirwa.

Ranar da aka buɗe muhawara Raƙumi ya miƙe, baya da farko sannan gaba, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, 'yan'uwana 'yan majalisa. Kwatarniya ba ta cika bana kamar yadda muka so ba. Ba na faɗin haka don in tayar da hankalin kowa, ina faɗi ne don mu ji tsoron Allah. Ruwan nan amana ne. Ni da kuke gani nakan yi mako ban sa shi a baki ba, ga ni kuma garau, ko ciwon kai ba na yi. To me zai hana kowa ya gwada? Ƙishirwa yawancinta sabo ne. Mun duba kasafin nan ciki da waje, mun ga wurin da za a iya taɓawa ba tare da an ji kukan kowa ba, shi ne kason talibambam. Shekara da shekaru muna rage shi, ko sau ɗaya masu shi ba su ce uffan ba. Jama'a ce mai kishin daji, wallahi ina jinjina musu. Don haka kwamitina yana ba da shawarar a ɗauke musu ragowar gaba ɗaya, tunda alama ta nuna ba sa buƙata."

Wata Barewa, sabuwar 'yar majalisa, ta tambaya a hankali ko za a duba ruwan wanka. Dorina ta ɗago kai.

"Ranki ya daɗe, wankan ɗan majalisa ba don kansa yake yi ba. Mutuncin daji ne. In baƙi suka zo daga wani dajin suka tarar da mu da ƙura a jiki, wa aka zaga? Jama'a aka zaga. Ni ba daɗin ruwan nake ji ba, haƙuri nake yi da shi saboda talakawa."

Aka yi tafi. Ɓauna ta haɗiye abin da take tuƙa ta ce, "Shawarar kwamiti ta shiga. Amma kun san ƙa'ida, ba ma taɓa kason kowa sai mun ji ra'ayinsa. Gobe da hantsi majalisa za ta sauka garin kwaɗi."

Abin da Marka ta ƙi barci dominsa ke nan. Washegari da aka fito daga wanka aka yi jerin gwano zuwa gangare, ta bi ƙarƙashin cikin Dorina tana tsalle, ruwan da ke ɗiga daga jikinta yana sauka a kanta. Aka isa tsakiyar busasshen tafki aka yi da'ira. Burtu, sanƙiran majalisa, ya fito gaba. Tsuntsu ne mai ladabi da son aikinsa, muryarsa kamar ganga. Ya sunkuyar da dogon bakinsa daidai wata tsaga a ƙasa, ya fara.

"Ya ku jama'ar kwaɗi, maza da mata, manya da yara! Majalisar Dawa tana gaishe ku, tana yi muku sannu da hutawa. Ta zo da ƙafarta don ta ji ra'ayinku, domin ba ta yin komai a bayan idonku. Ana shawarar ɗauke kason talibambam saboda tsimi da tanadi. Duk mai magana ya yi, ba tsoro, ba kunya. Akwai mai ja?"

Shiru. Iska ta ɗauki wani busasshen ganye ta wuce da shi.

"Akwai mai ja?"

Ɓauna ta karkata kunne sosai wajen ƙasa, don ita da gaske take sauraro. Marka ta saki baki. Ashe haka take yarda! Ba da baki ba, ba da ka ba, da kwanciya kawai. Abin ya burge ta har ta kusa manta abin da ya kawo ta.

"Na ƙarshe, akwai mai ja?"

"Akwai," in ji Marka.

Burtu ya yi tsalle da baya har ya taka Gyado. Shekarunsa nawa yana wannan aiki, bai taɓa sanin abin da ake yi in an amsa ba. Ya dubi tsagar, ya dubi Ɓauna, ya sake duban tsagar. Marka ta fito daga ƙarƙashin Dorina ta ce, "Ga ni nan, ranku ya daɗe. Ba a ƙasa nake ba."

Aka yi cirko-cirko. Hankaka ne ya fara dawowa hayyacinsa, ya gyara farin ƙirjinsa.

"Ranki ya daɗe, akwai gyara. Wannan taro na jin ra'ayin kwaɗi ne. Kwaɗo kuwa, kamar yadda kowa ya sani, halitta ce mai barci da rani. Wannan baiwar Allah idonta biyu. To ko dai ba kwaɗuwa ba ce, ko kuma ta fita daga al'adar mutanenta, kuma wanda bai yi barci ba ba zai wakilci masu barci ba. In ma an karɓe ta, murya ɗaya ce. Dubban da ke ƙarƙashin ƙafarmu sun riga sun bayyana matsayinsu, kowa ya ji."

"Ni ban ji komai ba," in ji Barewa.

"Shi ne matsayin nasu," in ji Hankaka.

Amma Ɓauna ta daina tuƙa, abin da ba a saba gani ba. Ta sunkuyo tana kallon Marka kamar yadda Marka ke kallonta, don ita ma ba ta taɓa ganin wanda ake jin ra'ayinsa ido da ido ba. "Ku bar ta ta yi magana," ta ce. "Ina so in ji yadda abin yake."

Marka ta buɗe baki, sai murya ta ƙi fita. Rana ta riga ta fara busar da ita, fatarta ta yi tauri. Aka aiki Biri masinja da gudu ya ɗebo ruwa a ƙoƙo ya zuba mata. Raƙumi ya bi ƙoƙon da kallo har ya ƙare, leɓensa yana motsi.

"Ranki ya daɗe," in ji Marka, "ni ba faɗa na zo yi ba. An ce mini na yarda a rage ruwan 'ya'yana, shi ne na zo in ga yadda nake yi. Na gani, na gode. Amma ina da tambaya. In kuka zo nan kuka yi magana da ƙasa, kun san muna ji, ko dai kun san ba ma ji? Daidai inda Malam Burtu yake tsaye, nan 'ya'yana suka mutu bana. Ba su da yawan ci, ba sa wanka, ruwan da zai rufe bayansu kawai suke nema har ƙafarsu ta fito. In ta fito ba za su ƙara tambayar kowa komai ba. Me zai hana ku zo da damina, lokacin da muke farke, ku tambaye mu?"

Dorina ta fara sharar hawaye, don tana da taushin zuciya in ba a taɓa wanka ba. Raƙumi ya ce, "'Yata, an taɓa gwadawa. Da damina duk tare kuke magana, ba mai sauraron wani, ba a gane komai. Da rani ne kawai ake samun ku a natse."

"To ga wata tambayar, Baba. Ruwan da ke zuba a banza fa? Ƙarƙashin wurin wankanku akwai tsaga, kullum tana ɗiga. Da shi na rayu duk ranin nan. In aka tara shi kawai aka ba mu, ya ishe mu har mu yi kyauta."

Kunnuwan Raƙumi suka miƙe. "Tsaga? A ina? Tun yaushe?"

Marka ta kwatanta masa dalla-dalla, da murnarta, don ba a taɓa yi mata tambaya ita ma ba. Raƙumi ya juya ga majalisa fuskarsa cike da annuri.

"Kun gani? Kun ga amfanin jin ra'ayin jama'a? Shekara nawa dukiyar daji tana yoyo ba mu sani ba, sai da talaka ta zo da bakinta ta faɗa mana! Ranki ya daɗe, ina ba da shawara biyu. Ta farko, a ba gara kwangilar liƙe tsagar nan yau yau. Ta biyu, saboda kishin wannan baiwar Allah, kwamitina ya janye maganar ɗauke kason talibambam. A bar shi. Kai, a ninka shi ma!"

Wuri ya kaure da sowa. Hankaka ya ƙara 'yan kalmomi a ƙarshe, kamar yadda lauyoyi kan yi, cewa za a saki kason da zarar baitulmali ya samu sarari. Marka ta ji kalmomin, ta so ta tambayi ma'anarsu, amma ƙoƙo ya ƙare kuma ba wanda ya ba da umarnin a sake ɗebowa. Ɓauna ta sa Gyado ya fasa mata ƙasa da haurensa har ya kai ga danshi, aka sa ta a ciki da girmamawa, aka rufe. Ta yi barci tana murmushi.

Da ruwan farko ya sauka kwaɗi suka fito, Marka ta hau kan wani dutse ta ba su labari. Ta gaya musu bishiyoyi na tuɓewa, suka yi dariya. Ta gaya musu yadda suke yarda, Baba Anaruwa ya ce ai dama ya faɗa. Da ta ce an ninka kaso kuwa, sai tafki ya ɗauka da waƙa, aka sa sunanta a ciki. A shekarar kwaɗi suka zuba ƙwai irin wanda ba su taɓa zubawa ba, har waɗanda suka daina saboda tsoro. Marka ta zuba nata a wuri mafi kyau, kusa da bakin magudana, don su fara shan ruwan.

Ruwa ya ɗauke. Rana ta dawo. Magudana ba ta ko yi danshi ba.

Ta hau tudu da sauri ta tarar da Guza a inda ta bar shi bara.

"Malam Guza, lokaci ya yi. Tafki ya fara ja."

"Na gani."

"To a buɗe mana. An ninka, kana wurin."

"Ina wurin. An amince, amma ba a saki ba."

"Mene ne bambancin?"

Guza ya buɗe ido biyu wannan karon, don tambayar ta shafi fanninsa. "Amincewa aikin majalisa ne. Saki kuwa sai baitulmali ya samu sarari. Dubi Kwatarniya, ta yi ƙasa, ƙarshen shekara ne. In na buɗe yanzu, da me za a yi wanka?"

"Yaushe take samun sararin?"

"In ta cika."

"Yaushe take cika?"

"In ruwa ya zauna mana. Ke kam da tambaya."

Ta roƙe shi da Allah da Annabi. Ta ce ko rabi, ko rabin rabi. Guza ya ce shi ma yana da 'ya'ya, ya san zafin abin, amma ƙa'ida ba tasa ba ce. Ta nemi Ɓauna, aka ce majalisa ta tafi hutu sai bayan shuka. Ta ruga lungunta na da, ko za ta samu abin da za ta guntsa a baki ta kai musu. Gara sun yi aiki mai kyau. Ko digo babu, gansakukar ma ta bushe.

Ta koma ta zauna a bakin magudana tare da 'ya'yanta. Wasunsu har ƙafar baya ta fara tsirowa, 'yan ƙanana kamar tsinken ciyawa. Ta yi ta tura su tsakiya inda laka ta fi laushi, har tsakiyar ma ta zama gefe. Ba wanda ya zage ta a tafkin, kuma wannan ya fi mata ciwo. Waƙar da aka sa sunanta kawai aka daina yi. Baba Anaruwa ya zo ya zauna kusa da ita, ya ce, "Da kin bar mu da yardarmu, 'yar nan, da ba mu zuba da yawa haka ba."

A tsakiyar damina, ranar da aka kwana uku ana tsuga ruwa, tafki ya cika ya batse har ya shiga ciyawa, Kwatarniya ta samu sarari. Majalisa ta sauko cikin ruwan da jerin gwano. Burtu ya yi shela, Raƙumi ya yi jawabi a kan cika alkawari, Guza ya janye dutsen magudana, kason talibambam ninki biyu ya gangaro ya shiga tafki ya fita ta ɗaya gefen. Aka nemi Marka ta yi godiya a madadin jama'a. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ga tambayoyi cike da bakinta, amma kwaɗi suna ta kuka ko'ina, ba a ji abin da ta ce ba. Hankaka ya bayyana wa majalisa cewa ta gode.

Da kaka ta wuce ta sake hawa tudu, don har yanzu akwai abin da take so ta tambaya. Ta zagaya Kwatarniya kaf tana neman inda ke ɗiga, ko yaya. Babu. Kwamitin tsimi da tanadi bai bar ko tsaga ɗaya ba, har lambar yabo aka ba shi a kan haka. Da fatarta ta fara tauri sai ta sauko, ta nutse cikin taɓo kusa da Baba Anaruwa.

Rani ya kankama, majalisa ta zauna. Raƙumi ya nuna cewa bara an ninka kason talibambam, kowa kuma ya ga yadda ya shiga ta nan ya fita ta can, alamar masu shi ba su da wurin zuba shi. Aka yi jerin gwano zuwa busasshen tafki kamar yadda ƙa'ida ta tanada, don majalisar nan har gobe ba ta yanke hukunci a kan kowa sai ta ji ra'ayinsa. Sai dai tun daga wannan shekarar, in Burtu ya zo tambayar ko akwai mai ja, a hankali yake yi. Tsuntsu ne mai ladabi, ba ya son tashin mai barci.